Cinikin Biri a Sama: Sayen Kayan Gyaran Inji ta Waya da Makomar Shagunan Gida

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)





Da kwamitin shirye-shirye ya nemi mu ce wani abu a wannan zama, mun san da yawa sun zaci za mu koma kan batun da aka san mu da shi, wato makaranta da tarbiyya. To, wannan karatu mun yi shekara talatin da 'yan kai muna biya shi a gaban allo, kuma yawancin waɗanda ke zaune a nan sun sha shi har ya ishe su. Yau za mu yi magana ne a kan wata 'yar roba wadda ba ta kai faɗin tafin hannun yaro ba.

Ga yadda aka yi. Akwai wani ɗalibinmu na da, wanda yanzu yake aiki a Abuja. Kawunsa, mutumin ƙasar nan ne, ya daɗe da komawa bakin tafkin Shiroro a Jihar Neja, inda yake da jirgin ruwa mai inji yana ɗaukar mutane da buhuna ranakun kasuwa. Wata rana injin ya fara ɗaukar zafi, siririn ruwan nan da yake tsartowa ta baya ya ragu. Makaniki ya ce robar famfon da ke jawo ruwan sanyaya inji ce ta cinye. Kawu ya buga wa ɗan 'yar'uwarsa waya, ya ce masa injinsa Yamaha ne mai ƙarfin doki 40. Yaro mai zumunci bai yi wata-wata ba, ya buɗe wayarsa, ya ga hoton robar a wani shafin intanet da araha, ya biya. Sai da aka yi mako uku da 'yan kwanaki kafin saƙo ya iso Abuja, daga nan aka ba direba, daga direba zuwa mai babur, har bakin ruwa. Makaniki ya kwance gindin inji, ya gwada, roba ta ƙi zama. Ramin tsakiyarta daban, tsayinta daban. Aka nemi mai kaya, ya daina amsa saƙo. Ko da ma ya amsa, kuɗin mayarwa ya fi kuɗin robar. Duk wannan kuwa a lokacin kaka ake yi, lokacin da mai jirgi ke samun abin da zai ci har bazara. A ƙarshe makanikin ne ya kira wani mai shagon da ya saba da shi, ya karanta masa lambar da ke jikin injin, kwana biyu roba ta zo ta zauna daram. Da yaron ya zo gaishe mu lokacin sallah, ƙorafinsa shi ne ya yi abin alheri an saka masa da mita. Muka ce masa alherin ya yi, amma cinikin biri ya yi a sama.

Mun san wani zai ce a ransa, ina ruwan Birnin Gwari da jirgin ruwa? Gaskiya ne, mu ba mutanen Yawuri ba ne, ba kuma na Lakwaja ba. Daji aka san mu da shi, Kamuku da Kuyambana, da noman masara da dawa, kuma duk faɗin garin nan babu shago guda da ya keɓanta da kayan jirgi. Amma muna da kogin Mariga da rassansa, waɗanda in damina ta nutsa sukan raba ƙauye da kasuwa sai da kwalekwale. Muna da dam ɗin Bagoma. A kudu da mu kuma ga tafkin Shiroro, wanda aka samu bayan datse kogin Kaduna don tashar lantarkin da ta fara aiki a 1990, inda mutanenmu ke zuwa neman abinci. Bayan wannan, labarin robar nan ba na jirgi ba ne kaɗai. Canza sunan inji kawai za ka yi, ka ce injin ban ruwa, ko injin niƙa, ko janareto, ko babur, sai ka tarar kusan kowane gida a Kuyello, Dogon Dawa, Randagi da Kakangi yana da irin nasa. Tun da shirin Fadama na farko, wanda aka fara a 1993 da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa ƙananan injinan ban ruwa a Arewa, rayuwar manomin rani ta rataya a kan ƙarfe da roba waɗanda ba a ƙera su a ƙasarsa. Kuma mu da ke birni mu ake bugo wa waya in sun lalace.

Kada a ɗauka saye daga nesa sabon abu ne. Muna yara mun ga malamanmu suna duba kundin hotunan kaya na kamfanin Lennards da ke Biristol a Ingila, su zaɓi takalmi, su je gidan waya su sayi fasal oda su aika, su zauna jiran wata biyu ko uku. Abin da ba mu manta ba shi ne, kafin malami ya aika da kuɗinsa sai ya ɗora ƙafarsa a kan takarda ya zagaye ta da fensir, ya haɗa da wasiƙar. Ya san hoto ba ya auna ƙafa. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da halatta sayen abin da ba ya gabanka in an siffanta shi sosai, da sharaɗin in ya zo saɓanin siffar kana da damar mayarwa. Wato abu biyu ake nema, cikakkiyar siffa da ƙofar mayarwa. Da aka buɗe Jumia da Konga a Legas a 2012, Jiji ta biyo baya, sannan Facebook da WhatsApp suka zama kasuwanni, abin da ya ƙaru shi ne sauri. Amma waɗancan sharuɗɗa biyu suna nan inda suke, kuma a kansu ne mutanenmu ke yin tuntuɓe.

Mu fara da siffa. "Yamaha mai doki 40" ba siffa ba ce, kamar ka ce a kira maka Musa ɗan aji uku ne a makarantar da ke da Musa bakwai a aji uku. Cikin injinan Yamaha masu doki 40 da ke yawo a ruwayenmu akwai samfurin E40X, akwai E40G, kuma lambobin kayansu ba ɗaya ba ne. Akwai mai doguwar ƙafa, akwai mai gajera, gwargwadon tsayin bayan jirgin da za a maƙala shi. Farfela ma tana da nata awo: faɗinta, karkatar fuka-fukanta, da yawan haƙoran da ke cikin ramin da take zama a kan sanda. In karkatar ta yi yawa, inji zai yi ta nishi da kaya yana shan mai a banza. In ta yi kaɗan, zai yi ta ihu jirgi bai tafi ba. Duk amsar waɗannan tambayoyi tana rubuce a wani ɗan allon ƙarfe da ke jikin maƙalar injin, mai ɗauke da samfuri da lambar ƙira. Wanda bai karanta wannan allo ba, ko da a gaban kanta yake tsaye, caca yake yi.

Akwai kuma wani tarko da mai zaman ofis ba zai sani ba. Yawancin injinan jirgin da ake aiki da su a ƙasar nan irin waɗanda ake gauraya musu fetur da baƙin mai ne. Dokokin hayaƙi sun kori sababbin irinsu daga kasuwannin Turai da Amurka tun shekarun baya, sai dai ana ci gaba da ƙera su don Afirka da Asiya saboda sauƙin gyaransu. Saboda haka shafin da aka tsara domin mai jirgin shaƙatawa a Amurka zai nuna maka kayan inji mai doki 40 da gaske, amma na wani inji dabam da ba ka taɓa gani ba. A ɗaya ɓangaren, kamfanonin Sin irin su Parsun da Hidea suna ƙera injinan da suka yi kama da na Yamaha ƙwarai, wasu kayansu na shiga na juna, wasu ba sa shiga. Haka abin yake a injin ban ruwa: galibin na Sin da ke fadamunmu an kwaikwayi Honda GX160 ne, kafireto da fistin kan yi daidai, amma in aka zo ɓangaren famfon, na inci biyu da na inci uku kowa da nasa, kamfani da kamfani ma sukan saɓa. Wa ya san wanne ke shiga wanne? Makanikin da ya kwance ɗari da hannunsa, da mai shagon da aka dawo masa da kaya sau goma har ya haddace. Wannan ilimi ba a kwaleji aka koya musu ba, kuma mu da muka yi kwalejin horon malamai ba mu jin kunyar cewa a wannan fage ɗalibansu ne mu.

Sai batun jabu. Fulogi shi ne misali mafi kusa. Kamfanin NGK da kansa yakan fitar da gargaɗi a kan jabun fulogoginsa, domin masu kwaikwayo sun ƙware har kwali da tambari. A hoto ba za ka bambance ba, sau da yawa ma hoton na gangariyar ne aka ɗora, kayan da za a aiko maka dabam. A shago kuwa kana iya ɗauka ka ji nauyi, ka duba zaren, ka lanƙwasa robar famfo ka ga ko za ta koma yadda take ko za ta nuna tsaga. Ba mu ce babu jabu a shago ba. Akwai, har da yawa. Bambancin shi ne mai shagon kirki zai ajiye maka biyu a kan kanta, ya ce wannan na asali ne, wannan mai bi masa ne, ga kuɗin kowanne, ka zaɓa da idonka a buɗe. In kuwa ya yi maka ƙarya, gobe ma yana nan. Kun haɗu a masallaci, kun haɗu a wurin suna, akwai shugaban 'yan kasuwa, akwai mai unguwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da yadda aka siffanta shi ba. Doka ce mai kyau. Amma a faɗa mana, manomin Tabanni zai bar gonarsa ya bi sawun lambar wayar da aka riga aka kashe?

Tun da malamin makaranta ba ya rabuwa da lissafi, bari mu yi ɗan ƙidaya, da alƙaluman misali kawai. A ƙaddara wani abin gyaran injin ban ruwa naira 12,000 ne a shagon gari, a waya kuma 7,000. Yaronmu na birni ya ga ragin 5,000. To, ya ƙara kuɗin aike zuwa Kaduna, a ce 2,500, domin masu kai saƙon nan ba su san hanyar ƙauyenmu ba, iyakarsu birni. Ya ƙara na direban da zai ɗauko daga tashar Mando ya bi ta Buruku ya kawo, a ce 1,500. Ragi ya koma 1,000. Yanzu sai a sa abin da ba a rubutawa a rasit: kwana goma tumatir ko albasa ba su sha ruwa ba a watan Maris. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san amsar wannan lissafi ba sai an kai ƙarshensa ba. A sana'ar da ke da lokaci, jira shi ne mafi tsadar kaya.

A kan ruwa kuwa abin ya wuce asarar dukiya. Babur in ya mutu sai a sauka a tura. Jirgi in injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa da lodin mutane da buhuna, ba ya jin linzami, sai ya ba igiyar ruwa ko iska gefensa, a tafkin dam kuma ga kututturan itatuwa a nutse suna jira. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a kusa da Wara a Jihar Kebbi ranar 26 ga Mayu 2021 ba, da na Bagwai a Jihar Kano ranar 30 ga Nuwamba 2021, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne. Allah ya jiƙansu. Abin da aka fi dangantawa da irin waɗannan haɗurra shi ne lodi fiye da ƙima da rashin rigar kariya, ba mu ce kayan gyara ne sanadi ba. Mun kawo su ne don a tuna ruwa ba ya ba da damar gyara kuskure. Rigar kariyar ma, wadda wasunmu ke saye ta waya su aika gida sadaka, tana da daraja-daraja. A ma'aunin ƙasa da ƙasa, mai lamba 50 ta wanda ya iya iyo ce a kusa da gaɓa; mai 100 ta ruwa mai kwanciya ce; mai 150 ita aka tsara ta juyo da fuskar mutum sama ko da ya suma. A hoto dukansu ruwan lemo ne, dukansu da igiya.

Adalci ya sa mu faɗi inda waya ta yi rana, kuma ta yi. Da can mai shago shi kaɗai ya san farashi, abin da ya faɗa shi ne. Yanzu yaro na iya dubawa ya ce, Alhaji, wannan fa ga kuɗinsa a Kano. Wannan ya rage zalunci, kuma muna murna da shi. Akwai kayan da ko ka zagaye Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano ba za ka samu ba, sai an nemo daga Legas ko Nnewi ko ma wajen ƙasa, a nan intanet ce mafita. Littafin lambobin kayan inji, wanda da sai babban dila ke da shi, yanzu yana cikin wayar kowa. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, dabarar mayar da injin ban ruwa ya yi aiki da gas ta yaɗu a Arewa cikin ɗan lokaci, kuma hotunan bidiyo na waya sun taimaka wajen yaɗa ta. Su kansu masu shagunan da muke yabo, ta WhatsApp suke yin odar kayansu yau. Ashe ba wayar ce matsala ba. Tambayar ita ce wa ke riƙe da ita, wanda ya san injin ko wanda ya san hoto?

Sai dai mai sayayya daga waje ya riƙa tuna darajar naira. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba. A farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya saba da arahar shafukan waje ya farka ya ga ta gudu.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damun mu, wanda saboda shi muka zaɓi wannan batu. Kowa a nan ya san abin da ƙasar nan ta gani. Shekaru aka yi hanyar Kaduna, mai tsawon kilomita ɗari da 'yan kai, ba ta biyuwa sai da rakiya ko da kasada. A 2021 an dakatar da kasuwannin mako-mako, an hana hawa babur na wani lokaci, an kuma rufe layukan waya tun daga ƙarshen Satumba har ƙarshen Nuwamba. A waɗannan watanni wa ya yi oda ta intanet? Wanda ya riƙe jama'a shi ne mai shagon da bai gudu ba, da makanikin da ya riƙa cire na wannan mataccen inji yana tayar da wancan, da bashin da aka rubuta a littafi sai kaka. Wasu cikinsu sun karye, wasu sun koma Funtuwa da Kaduna. A ƙarshen Nuwamban 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta jagoranta, an sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, manyan motoci suka dawo lodi. Amma buɗe kasuwa abu ɗaya ne, dawowar jari wani abu ne. Mai shago ba ya ajiye kayan da ba a tambaya. In duk kuɗin gyaran da muke aikowa daga birni yana ƙarewa a aljihun wani da bai san inda Gwari take ba, to shagon gari zai tsaya a kan fulogi da baƙin mai, yaron da ke koyon sana'a a wurinsa ya watse. Kuma ba sai mun faɗa wa mutanen Birnin Gwari inda matashin da ba shi da sana'a kan nufa ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. In an bugo maka daga gida an ce inji ya lalace, kada ka fara da buɗe shafi. Ka ce a ba ka makanikin ku yi magana. Ka sa a ɗauko maka hoton allon lambar injin, da hoton abin da ya lalace an ajiye shi kusa da ma'auni ko kwalin ashana don a ga girmansa. Sannan a tambayi shagon gari. In yana da shi, ka duba farashi a wayarka don kada a ƙware ka, ka tura kuɗin kai tsaye ga mai shagon, ko da ya ɗara na intanet da kaɗan. In ba shi da shi, ka bar shi ya nemo ta hanyar dilansa, domin in bai yi daidai ba shi ke da hanyar mayarwa. Sai in duk wannan ya faskara ne za ka yi oda da kanka, da lambar kaya ba da sunan inji ba, daga wanda ke da adireshin da ƙafa za ta iya zuwa, kuma in da hali a biya bayan an gani. Abubuwan da aka san suna cinyewa, irin su robar famfo, fulogi da igiyar tayar da inji, a saya tun kafin su mutu: na jirgi kafin ruwa ya cika, na ban ruwa kafin a shiga rani.

Ga masu shaguna da makanikai, tun da mun ga wasunku a bayan zaure, ku ma da naku. Ku daina sayar da mai bi a kuɗin na asali. Ku rubuta rasit. Makanikin da ke karɓar kuɗin sabo ya sa tsoho, shi ne ya fara tura 'ya'yanmu intanet.

Ga shugabannin ƙungiya kuma, muna ba da shawarar a tattara sunaye da lambobin wayar masu kayan gyara da makanikan da jama'a suka shaida da amana, gunduma-gunduma, a raba wa rassanmu na birane. Aiki ne da bai wuce takarda biyu ba. In sakatare ya amince, mu da sauran tsofaffin malamai da ke zaune a gida za mu ɗauki nauyin zagayawa mu rubuto na cikin gari da kewaye kafin taron rassa mai zuwa, tun da yanzu lokaci ne da mu, kuma yawancin masu shagunan nan mun taɓa kiran sunansu a rajista.